Karatun Soshiyoloji a Jami'a: Daga Cike JAMB Zuwa Kare Kundin Digiri

Da yawa daga cikin ɗaliban ajin farko a sashen soshiyoloji ba shi suka nema ba. Wani lauya ya so zama, wata aikin jarida ta cike, maki bai kai ba, aka ce ga gurbi a soshiyoloji, a karɓa kafin a rasa. Wannan ba aibu ba ne, sai dai yana haifar da matsala guda: ɗalibi ya shafe shekara biyu yana jiran canjin kwas da ba zai zo ba, yana haddar takardun malami daren jarrabawa, sai ya farga a aji uku ya tarar makinsa ya riga ya yi ƙasa. Alhali kwas ne mai albarka ga wanda ya san abin da zai ɗauka a ciki. Abin ɗaukar kuwa shi ne iya bincike: ka tsara tambaya a kan zaman jama'a, ka shiga cikin mutane ka samo amsa ta hanyar da wani zai iya bi ya tabbatar, ka ƙirga, ka rubuta. Wanda ya fita da wannan ya fita da sana'a.

Soshiyoloji nazari ne na yadda mutane ke zama tare: aure da saki, gado, kasuwa, sarauta, addini, makaranta, laifi da hukunci, ci-rani da ƙaura. Idan mutum ɗaya ya saki matarsa, ana iya cewa matsalar gidansu ce. Idan kuwa sakin ya yawaita a gari guda tsakanin waɗanda aurensu bai shekara biyu ba, to akwai abin da ya wuce halin miji da na mata, kuma nemo shi ne aikinka. Masanin Amurka C. Wright Mills ya gina bayaninsa na 1959 a kan wannan bambanci tsakanin damuwar mutum ɗaya da matsalar jama'a, kuma da wuya ka gama zangon farko ba a tambaye ka shi ba.

Samun gurbi

Ana koyar da kwas ɗin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri da wasu da dama na tarayya da na jihohi, galibi a ƙarƙashin tsangayar kimiyyar zamantakewa. Hanyar shiga biyu ce.

Ta farko ita ce jarrabawar JAMB, wadda ke kai ka aji ɗaya, karatun shekara huɗu. Kana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama bai wuce biyu ba, ciki har da Turanci. Yawancin jami'o'i na neman kiredit a lissafi ma ga darussan wannan tsangaya, don haka kada wani ya ce maka kwas ɗin na masu gudun lissafi ne. A JAMB za ka rubuta Turanci da darussa uku daga ɓangaren fasaha ko zamantakewa, irin su Gwamnati, Tattalin Arziki, Labarin Ƙasa, Tarihi ko darasin addini. Haɗin da kowace jami'a ke karɓa yana cikin ƙasidar JAMB ta shekarar; buɗe ta da kanka kafin ka zauna gaban mai cike fom, domin kuskuren haɗa darussa yana hana gurbi ko da maki ya yi kyau. Ka tabbata suna da ranar haihuwar da ke kan NIN sun yi daidai da na takardar sakandare harafi da harafi. Idan sakamakon sakandarenka bai fito ba lokacin rajista, da zarar ya fito ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi. Ɗalibai da yawa sun ci maki, sun ci tantancewar jami'a, amma ba a ba su gurbi ba don kawai ba a ɗora wannan sakamako ba. Gurbi kuma sai wanda ya fito a manhajar CAPS ta JAMB ka danna karɓa. Gurbin da aka ba ka ta bayan fage zai dawo ya tare ka ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce shiga kai tsaye aji biyu da takardar share fagen shiga jami'a ta IJMB ko JUPEB, ko NCE, ko difloma, karatun shekara uku. Mai bin wannan hanya ya nemi takardun darussan gabatarwa na aji ɗaya ya karanta da kansa, don malaman aji biyu za su ɗauka ya san su.

Lissafin maki tun makon farko

Kowane darasi yana da nauyinsa, galibi kiredit 2 ko 3. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'in Nijeriya ke bi, 70 zuwa sama A ce mai maki 5. 60 zuwa 69 B mai 4. 50 zuwa 59 C mai 3. 45 zuwa 49 D mai 2. 40 zuwa 44 E mai 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce. Ana ninka makin da nauyin darasin, a tara, a raba da jimillar kiredit. A ce ka ɗauki darussa huɗu: A a mai kiredit 3 ya ba ka 15, C a mai 3 ya ba ka 9, B a mai 2 ya ba ka 8, F a mai 2 ya ba ka sifili. Jimilla 32, raba da 10, ka samu 3.20. Da a ce wannan F ɗin B ce, da 4.00 ka samu. Ƙari a kan haka, darasin da ka faɗi zai biyo ka baɗi a matsayin kariyoba, ya ci gurbin wani a rajistarka, wani lokaci ma lakcarsa ta yi karo da ta ajinka.

Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Ga abin da ba a faɗa wa sababbin ɗalibai: wanda ya gama aji biyu da 2.50 a kan kiredit 60, in yana son fita da 3.50 a kan 120, sai ya riƙa samun 4.50 a duk sauran shekara biyun. Abu ne mai yiwuwa, amma kaɗan ke iyawa, domin darussan aji uku da huɗu sun fi tauri. Makin da ke da sauƙin tarawa yana aji ɗaya da biyu, har da darussan gama-gari da ɗalibai ke rainawa.

Gwaji da aikin gida kan ɗauki kashi 30 ko 40 cikin ɗari, jarrabawa ta ɗauki sauran, kuma ƙa'ida ita ce halartar aƙalla kashi 75 na lakca. Ka ajiye kwafin takardar rajistar kowane zango mai sa hannun malamin da ke kula da ajinku. Ranar da sakamakon wani darasi ya ɓata, ita ce hujjarka.

Abin da za ka karanta, da yadda ake karanta shi

Tun da hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta fitar da sabuwar manhajar karatu a ƙarshen 2022, ita ke tsara kashi 70 na darussa, jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da yankinta. Sunayen darussa kan bambanta, amma tafiyar kusan ɗaya ce. Aji ɗaya gabatarwa ne: soshiyoloji, nazarin al'adu, ilimin halayyar ɗan Adam, al'ummomin Afirka, da ɗan tattalin arziki da siyasa daga sassan maƙwabta. Aji biyu tarihin tunanin masana, ƙididdiga, iyali, sauyin zamani. Aji uku hanyoyin bincike, laifi da kangara, rashin daidaito, karkara da birni, yawan jama'a. Aji huɗu ra'o'in zamani, cigaba, lafiya ko masana'antu gwargwadon zaɓinka, sai kundi.

Darasin ra'i, wato bayanan da masana suka gina a kan yadda zaman jama'a ke tafiya, shi ne inda ake yawan hadda ba fahimta. Hanya mafi amfani ita ce ka yi wa kowane masani tambaya huɗu a shafi guda: wace matsala ce ta dame shi a zamaninsa, me ya ce ke haɗa jama'a ko raba su, wace hujja ya kawo, me masu sukarsa suka ce. Sannan ka ɗauko abu ɗaya daga garinku ka gwada bayaninsa a kai.

Ɗauki Emile Durkheim na Faransa. A bincikensa na 1897 ya tattara alƙaluman kashe kai a ƙasashen Turai, ya ga abin ya fi yawa a tsakanin gwauraye fiye da masu aure, a tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya danganta hakan da ƙarfin igiyar da ke ɗaure mutum da jama'arsa. Abin koyo a nan hanyar ce: ya ɗauki aikin da kowa ke ganin na mutum ne shi kaɗai, ya nuna da ƙirge cewa yanayin zama na da hannu. Karl Marx zai sa ka tambayi wa ke da gonar, wa ke noman, wa ke cin ribar. Max Weber na Jamus ya raba iko gida uku, na gado, na kwarjini, da na doka da ofis, kuma a ƙaramar hukuma ɗaya za ka iya ganin ukun: hakimi, malamin da jama'a ke bi saboda shi kansa, da shugaban ƙaramar hukuma. Kafin su duka akwai Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, wanda a Muƙaddimarsa ya yi bayanin yadda asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan dangi da ƙabila, ke ɗaga jama'a su kafa daula, jin daɗin birni kuma ya sassauta ta har wasu su ƙwace. Daga gida, Peter Ekeh ya rubuta a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar mana fagen jama'a biyu: na dangi da gari inda ake riƙe amana, da na gwamnati inda mutumin nan ɗaya ba ya jin nauyin ɗiba. Duk mai son rubutu a kan cin hanci ya fara da wannan maƙala.

Wasu ɗalibai kan ji ba daɗi idan aka zo bayanin Marx ko Durkheim a kan addini. Ba a ce ka yi imani da abin da suka faɗa ba. An ce ka bayyana shi daidai, ka kuma iya nuna inda ya gaza. Wanda ya ƙi karantawa ya rasa makin, ya kuma rasa damar yin raddi mai ƙarfi.

Kuma an yi bincike mai zurfi a kan Hausawa wanda abin takaici ne ɗalibi ya gama digiri bai taɓa shi ba. M. G. Smith ya yi nazarin sarautar Zazzau. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta bi diddigin gandu da dalilan da ke sa wani manomi ya talauce maƙwabcinsa ya samu. Abner Cohen ya yi a kan fataucin shanu da goro a Sabo ta Ibadan. Enid Schildkrout a zangon Kumasi, daga baya a kan tallan yara a Kano. Paul Lubeck a kan leburorin masana'antun Kano. Karanta ko biyu daga ciki, kana lura da yadda suka tattara bayani da inda kake ganin baƙuntarsu ta sa sun yi kuskure.

A jarrabawa, idan aka ce ka tattauna, ba jerin maki ake so ba. Fassara kalmar a layi biyu, kawo ra'in, gwada shi da misali, kawo suka. Amsa mai shafi biyu da ta yi haka ta fi mai shafi biyar da ta juye takardar malami.

Ƙididdiga da hanyoyin bincike

Waɗannan darussa biyu su ne ƙashin bayan digirin, su ne kuma aka fi faɗuwa. Dalilin faɗuwar ƙididdiga sananne ne: ana karanta ta kamar tarihi, alhali hannu take so. Kowane mako ka warware aƙalla tambaya biyar da biro da kalkuleta, tun daga matsakaici da tazara har gwajin kai-sikwaya (mai duba ko akwai alaƙa tsakanin abu biyu) da na dangantaka. Kafin ƙarshen aji biyu ka iya Excel. A aji uku ka koyi SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, da kuma KoboToolbox wadda ake tsara tambayoyi a cika su a waya ko babu intanet. Ba lallai sashe ya koya maka su a aikace ba. Hutun ƙarshen shekara ya isa, haka ma yajin aiki in ya faɗo, irin na 2022 da ya ci wata takwas. Don atisaye, ɗauko rahoton binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018, ka zaɓi jadawali ɗaya, ka rubuta sakin layi uku a kan abin da ya nuna da abin da bai nuna ba.

Kundin kammalawa

Ka fara tunanin batu tun hutun ƙarshen aji uku. Tsari mai kyau shi ne babi na ɗaya zuwa na uku a zangon farko na aji huɗu, fita fili a hutun tsakiya, babi na huɗu da na biyar a zango na biyu.

Batu ya zama ƙarami. "Shaye-shaye a Nijeriya" ba batu ba ne. "Dalilan komawa shaye-shaye bayan an daina, a tsakanin matasan unguwanni biyu na ƙaramar hukuma kaza" batu ne. Auna shi da tambaya uku: zan iya isa wurin da kuɗin aljihuna, mutanen za su yarda su yi magana da ni, akwai abin da aka rubuta a kai? Kai wa malamin da ke duba ka batu uku, kowanne da manufofinsa. Manufa uku ko huɗu sun isa, kuma kowace sai ta samu tambayoyinta a takardar tambayoyi, jadawalinta a babi na huɗu, da amsarta a babi na biyar. Idan wannan zaren ya tsinke, nan masu jarrabawa ke fara kamawa.

Babi na biyu ba tarin "wane ya ce, wane ya ce" ba ne. Tsara shi bisa manufofinka, ka nuna inda masana suka yi saɓani da giɓin da ka zo cikewa. Ra'i ɗaya da ka yi aiki da shi har ƙarshe ya fi uku da aka jera aka manta. Duk abin da ka karanta, rubuta cikakken bayaninsa nan take bisa tsarin rubuta madogara na APA, in shi sashenku ke bi. Kada ka ambaci aikin da ba ka gani da idonka ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna ƙago sunayen maƙalun da babu su. Kundin da ake saye a shagon buga takardu kuwa yakan tonu a minti biyar na farkon kare shi gaban masu jarrabawa, in ma manhajar gano satar rubutu ba ta riga ta kama shi ba.

Yawan waɗanda za ka tambaya: yawancin sassa na karɓar lissafin Yamane, wato n = N ÷ (1 + N × e²). Idan mutanen da bincikenka ya shafa (N) 10,000 ne, kuskuren da ka lamunta (e) 0.05, to 0.05 sau 0.05 ya ba da 0.0025, sau 10,000 ya ba da 25, a ƙara 1 ya zama 26, a raba 10,000 da 26, a samu 385. Ƙara kashi 10 saboda takardun da za su lalace. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe ta 2006 ce, don haka duk adadin da ka kawo hasashe ne. Faɗi inda ka samo shi da yadda aka lissafa. Sannan lissafin nan bai da amfani idan ka tsaya bakin kasuwa kana tare duk wanda ya yi maka fara'a. Zaɓi mazaɓu da ƙuri'a, a cikinsu ka zaɓi unguwanni da ƙuri'a, sannan gidaje da tazara: unguwa mai gida 200 da kake son 20, kowane gida na goma, lambar farawa kuma ƙuri'a tsakanin 1 da 10. A cikin gidan ma a sa ƙa'idar wanda za a tambaya, in ba haka ba za ka ƙare da tsofaffi da marasa aikin yi, don su ke gida da hantsi. Ka fayyace me kake nufi da gida tun farko. Ƙofa ɗaya na iya ɗauke da magidanta huɗu. Ma'aunin da aka saba shi ne masu ci daga tukunya ɗaya.

Takardar tambayoyi kada ta wuce minti 20 zuwa 25. Kowace tambaya abu ɗaya: "Kana ganin asibitin na da tsafta da sauƙin kuɗi?" tambaya biyu ce a rigar ɗaya. Kada ka ja mutum zuwa amsa da "Ba ka ganin cewa...". Fassara ta zuwa Hausa a rubuce, ka ba wani da bai ga ta Turancin ba ya mayar, ku gwama. In ka bar kowane mataimaki ya fassara da ka a fili, tambayoyi daban-daban aka yi. Gwada ta a kan mutum 15 zuwa 20 a wata unguwa mai kama da taka kafin ka buga ɗaruruwa.

Akwai tambayoyin da ba sa tafiya kai tsaye a ƙasar Hausa. Ka tambayi magidanci nawa yake samu a wata, amsar "Alhamdu lillahi" ce. Tambaye shi kwano nawa ake aunawa a rana, buhu nawa ya noma bara, ko akwai babur, firji ko dabbobi. Dattijuwa ba lallai ta san shekarunta ba; riƙe jerin abubuwan da garin ya sani, kamar samun 'yancin kai a 1960, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, ko naɗin wani sarki, ka tambaye ta ko an yi mata aure a lokacin. Mata da yawa ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari, wasu ba sa son ƙirga 'ya'ya da baki, kuma sau da yawa ba a sa waɗanda suka rasu. A tambaya a hankali, masu rai daban, waɗanda suka riga mu daban.

Shiga fili yana da ladabinsa. Karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashe, ka fara da hakimi ko dagaci, shi zai haɗa ka da mai unguwa. Namiji ba ya wuce zaure a gidan da aka rubuta "ba shiga", don haka in bincikenka ya shafi matan aure, sai da mataimakiya mace da ka horar; ɗaliba kuma ta samu wanda zai raka ta majalisar maza. Kauce wa ranar kasuwa, lokacin sallar Juma'a, da safiyar damina da kowa ke gona. Faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa: kai ɗalibi ne, ba tallafi ka kawo ba, ba haraji ka zo rubutawa ba. In mutane suka zaci rabon kaya ne, kowa zai zama matalauci mai 'ya'ya goma. In suka zaci haraji ne, kowa zai zama ba ya sana'a. Nemi izini kafin tambaya da kafin naɗar murya, wanda ya ƙi a bar shi, kada a rubuta sunan kowa a takarda, yaro kuma sai da yardar iyaye ko malaminsa.

Tattaunawar rukuni mutum 6 zuwa 10 ce, maza daban, mata daban, matasa daban da dattawa, domin saurayi ba zai musa wa sa'an babansa a bainar jama'a ba. A roƙi mai unguwa cikin girmamawa ya bar wurin, a yi hira da shi shi kaɗai daga baya. Rubuta hirar awa ɗaya kan ci awa huɗu zuwa shida, don haka rukuni huɗu da hirar mutum shida sun ishi kundin digirin farko. Kowace yamma ka duba takardun ranar tun kana kusa da inda za a gyara. Kada ka cike takarda ko ɗaya da hannunka a ɗaki. Ha'inci ne, kuma amsoshin ƙirƙira suna da kamanni da juna da gogaggen malami ke ganewa.

Wajen nazari, ba kowace takarda lamba, shigar da bayanan, ka fitar da jadawalin ƙirge na kowace tambaya don kamo kurakurai irin su mai shekara 210. Idan kana gwama abu biyu, fitar da kason bisa abin da kake zaton shi ne sanadi: cikin matan da suka yi sakandare kashi nawa suka haihu a asibiti, cikin waɗanda ba su yi ba kashi nawa. Kai-sikwaya da ya ba da ƙimar p, wato ma'aunin yiwuwar a samu irin sakamakon bisa dace kawai, ƙasa da 0.05 yana nuna akwai alaƙa, bai ce wannan ne ya jawo wancan ba. Wataƙila masu sakandaren a gari suke kusa da asibiti. Raba mutanen gari da na ƙauye ka sake dubawa. Gwajin kuma ba ya inganta idan fiye da kashi 20 na gidajen jadawalin suna da adadin da ake tsammani ƙasa da 5. Sai a haɗe rukunai masu kama da juna. Ƙarƙashin kowane jadawali kada ka maimaita lambobin da mai karatu ke gani. Faɗi ma'anarsu, ka gwama da abin da ka kawo a babi na biyu. Idan sakamako ya saɓa wa zatonka, rubuta shi yadda ya zo.

Ranar karewa tambayoyin kusan sanannu ne: me ya sa wannan batu, ta yaya ka zaɓi mutanen, me ya sa wannan ra'i, me ka gano, ina raunin aikin. Shirya amsar kowacce a minti ɗaya. Wanda ya faɗi raunin aikinsa da bakinsa ya fi samun sauƙi a kan wanda aka tono masa.

Bayan digiri

Bayan bautar ƙasa, wadda ake ɗauke wa wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa, ƙofofin da aka saba su ne ma'aikatun jin daɗin jama'a da harkokin mata, hukumar gidajen gyaran hali, NDLEA, NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, 'yan sanda, hukumar ƙidaya da ta ƙididdiga, sashen kula da ma'aikata a kamfanoni, da ƙungiyoyin agaji da na cigaba, musamman ɓangaren sa ido da tantance ayyuka. A wannan ɓangare na ƙarshe abin da ake tambaya a intabiyu shi ne ko ka taɓa tattara bayanai da waya, ko ka iya jagorantar tattaunawar rukuni da Hausa ka rubuta rahotonta da Turanci. Saboda haka tun kana aji uku ka nemi aikin wucin gadi na tattara bayanai a binciken malamanku ko na ƙungiyoyi, ka karɓi takardar shaida kowane lokaci. Mai son koyarwa a sakandare zai ƙara diflomar ilimi ta PGDE da rajista da hukumar malamai ta TRCN. Mai son digiri na biyu yana bukatar aƙalla daraja ta biyu ƙarama a yawancin jami'o'i, mai daraja ta uku kuma sai ya bi ta babbar difloma tukuna. Za a nemi wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku, don haka kafin ka bar makaranta ka tabbata akwai waɗanda suka san aikinka, ka ajiye kwafin kundinka da bayanan da ka tattara a wuri biyu, ka kuma duba cewa duk sakamakonka ya shiga rajistar sashe kafin a kai wa majalisar jami'a.